Maye Yana Cikina

Suna linzami ne, in ji magabata, kuma wanda aka ɗaura wa linzami ba shi ke zaɓen inda za a ja shi ba.

A ƙarshen layin masu gyara, daidai inda kwalta ta ƙare, akwai wani shago mai ƙofar kwano. Mai shagon tsoho ne, aikinsa naɗin waya. In fanka ta ƙone, ko injin ban ruwa, ko janareta, shi ake kawo wa ya kwance tsohuwar wayar tagulla ya naɗa sabuwa. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓata a bakin mutane. Yaro da babba Maye suke ce masa, shi kuwa yana amsawa.

Asalin sunan ba wani abin ɓoyo ba ne. Ubangidan da ya koya masa sana'a yana cikin mutanen farko da suka yi aiki a gidan wuta, tun lokacin da ake kafa turakun lantarki jama'a na tsayawa kallo. Wannan ubangida yana da wani ƙarfe lanƙwasasshe kamar takalmin doki, mai jan ƙusa da allura da duk wani abu na baƙin ƙarfe. Masu karatu suna ce wa irinsa maganadisu, sauran jama'a kuwa mayen ƙarfe. Tsohon nan yana yaro ba ya rabuwa da ƙarfen, kullum yana aljihunsa, har in ya gifta kusa da teburin aiki sai ka ga ƙusoshi sun maƙale masa a riga. Ubangida ya yi dariya wata rana ya ce, "Kai dai Maye ne." Shi ke nan. Ubangida ya mutu, ya bar masa ƙarfen da sunan.

Ya bar masa kuma wasu kalmomi, waɗanda yake riƙe da su kamar gado. Yakan ce wuta a cikin waya kamar ruwa ce a cikin bututu. Akwai ƙarfin da ke turo ta, akwai yawan da ke gudu, akwai cijewar da waya ke yi mata, kuma kowanne an laƙaba masa sunan mutumin da ya fara auna shi. "Sun mutu tun kafin a haifi kakana," yakan ce, "amma ga sunan ɗayansu a jikin kowane batir. Ka ga mutanen da suka yi sa'ar suna." Yakan ce mayen ƙarfe kai biyu gare shi, kan arewa da kan kudu. Iri ɗaya ba sa shiri, sai ture juna. In kuwa suka bambanta, to ko da bango a tsakani sai sun nemi juna. Yana da wata allura cikin ɗan gida mai murfin gilashi, wadda kullum bakinta ke duban arewa, sai fa in an kawo mata mayen ƙarfe kusa, nan take za ta juya ta bi shi. Da ita yake gwada naɗinsa in ya gama, ya gane ko kawunan sun zauna daidai.

Bango ɗaya ya raba shagonsa da na Tela. Tela mutum ne mai sanyin hali, gidansa yana bayan layin, yana zaune da matarsa da mahaifiyarsa, wadda kowa ke ce wa Iya. 'Yarsu ɗaya, ba ta isa shiga makaranta ba, bakinta kuwa ba ya hutawa. Duk abin da ta ji sai ta maimaita, saboda haka aka sa mata Aku.

Kullum da hantsi Tela yakan aiko ta aron takalmin dokin nan, ta bi ƙasan shagonsa da shi tana tsince allurai da fil da suka zube. Wannan aiki ya fi mata komai daɗi.

"Baba Maye, a ba ni maye."

"Ba gaisuwa? Ko a hanya kika yar da ita?"

"Ina kwana. A ba ni maye."

Wata rana ya ce bari ya koya mata sunan da masu karatu ke faɗa.

"Ce maganadisu."

"Magana da su."

"Ba haka ba. Ma-ga-na-di-su."

"Magana da su wa?"

Ya yi dariya har ya yi tari. "Ke dai Aku ce ta ƙarya, ta gaske da tuni ta iya. Bar shi. Ce maye kawai, ya fi sauƙi."

Da tsohon ya san inda wannan sauƙi zai kai su, da ya zauna da ita har la'asar sai ta iya. Amma da na sani ƙeya ce, a baya take.

A saman kantar shagon yana da wani gwangwanin madara da yake tara ƙananan mayen ƙarfe na zamani, waɗanda yake cirowa daga matattun na'urori. Ba su kai ƙwayar wake ba, suna ƙyalli kamar azurfa, amma ƙarfinsu ya ninka na takalmin dokin. Ran nan Aku ta dame shi da surutu yana tsakiyar naɗi, sai ya sauko da gwangwanin don ya samu ta yi shiru. Ya ɗauki biyu, ya sa ɗaya gaban kunnensa ɗaya baya, suka kama juna ta cikin fata.

"Kin ga ɗan kunnena? Ba huji, ba jini."

Ta yi ta dariya tana cewa Baba Maye ya zama mace. Ana cikin haka wani mai injin niƙa ya iso da injinsa a baro, yana ta faɗa wai an ɓata masa lokaci. Tsoho ya cire ɗan kunnen ya jefa a gwangwani, ya fita wajen mai injin. Gwangwanin ya kwana a kan benci. Tsautsayi ba ya aiko da sallama.

Kwanaki suka ɗan shuɗe Aku ba ta zo aro ba. Tsoho ya leƙa ya tambayi Tela, shi kuwa ya ce ciwon ciki ne, an sayo mata maganin tsutsa. Washegari aka ce amai take yi, komai ta sha sai ya dawo. Rana ta gaba Tela bai buɗe shago ba.

A ranar ne tsoho ya lura layin ya sake masa fuska. Ya yi wa mai facin taya sallama, sai ya ga mutumin ya duƙufa kan tayarsa kamar bai ji ba. Wata mata da ke wucewa ta fizgi hannun ɗanta ta tsallaka ɗaya gefen. Bai kawo komai a ransa ba, sai da Mai Walda, abokinsa na shekaru, ya shigo shagon ya ja ƙofar kwanon a bayansa, abin da bai taɓa yi ba.

"Tsoho, rufe shagon nan ka tafi wajen 'yarka ka yi kwana biyu."

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu tukuna. 'Yar Tela ce. Zazzaɓi ya rufe ta, tana ta sambatu. Kuma abu ɗaya take faɗa." Mai Walda ya dubi ƙasa. "Wai maye yana cikinta. Maye yana cizon ta. Iya ta tambaye ta wane maye, ta ce na shagon gyara."

Tsoho ya ajiye wayar da ke hannunsa.

"Kai ma ka yarda?"

"Ni na san ka tun gemunka yana baƙi. Amma magana zarar bunu ce, ta riga ta fita. Tun safe mata ke shiga gidan suna fita. Yanzu har an fara tuna wai matarka ma ciwon ciki ne ya kashe ta. Matasa sun taru a bakin layi. Ka bi ta baya, ni zan kula maka da shago."

Tsoho ya ɗaga kai. Idonsa yana kan gwangwanin madara, wanda ya mayar saman kanta ba tare da ya duba cikinsa ba. Ya miƙa hannu ya sauko da shi, ya juye a tafinsa. Ƙananan ƙarafan suka zubo a dunƙule, manne da juna kamar yadda suka saba. Abu biyu ne kawai suka faɗo daban suka gangara ƙasa, don ba ƙarfe ba ne. Maɓallan riga ne na roba, jajaye, irin na shagon Tela.

Ya daɗe yana kallon su. Yarinyar ba ta yi sata ba, musaya ta yi. Ta ɗauki biyu, ta biya da biyu.

"Inna lillahi," ya ce a hankali. "Gaskiya take faɗa."

Mai Walda ya ja da baya taku ɗaya. Tsoho ya gani. Ya ɗauki allurar nan mai murfin gilashi ya sa a aljihun dama, ya ɓanɓaro ƙananan ƙarafa biyu ya ƙulle a tsumma ya sa a na hagu. Kafin ya kai ƙofa aka buga ta daga waje.

Tela ne, idanunsa sun yi ja don rashin barci, bayansa kuwa mutane sun cika layin. Wasu ya san iyayensu, wasu shi ya gyara musu fanka bai karɓi komai ba. Akwai mai riƙe da guntun katako yana ɓoye shi a bayan ƙafa.

"Baba," in ji Tela, "ni ban taɓa ganin sharri a wurinka ba. Amma yarinya ta ambace ka. In akwai abin da muka yi maka, ka yafe. Ka zo ka sake ta."

Tsoho ya dubi taron. Ya san in ya ce shi ba maye ba ne, za a tsaya gardama. Wannan ya kawo hujja, wancan ya kawo rantsuwa, a kira masu unguwa, a yi ta yi har rana ta faɗi, yarinya kuwa tana can kwance. Ya san kuma in ya faɗi ɗaya maganar, za a buɗe masa hanya zuwa ɗakin nan take, amma ba zai sake tsince ta daga kunnuwan mutane ba har ya mutu. Baki shi ke yanka wuya, wannan ya sani tun yana yaro.

"Mayen nawa ne," ya ce. "Mu je."

Taron ya yi wani irin gunaguni, kamar injin da aka tayar a nesa. Aka dare masa hanya, ba wanda yake so rigarsa ta taɓa shi.

Ɗakin ƙarami ne. Katifa a ƙasa, labule an sake shi, bokitin roba a gefe, kan tsohon keken ɗinki a lungu an rufe shi da zane. Aku tana kwance ta naɗe ƙafafu zuwa ƙirji, leɓɓanta sun bushe. Uwarta na zaune a kanta tana goga mata jiƙaƙƙen tsumma. Iya tana tsaye, ta ɗaure ɗankwali tamau.

"Ka shigo, azzalumi," in ji Iya. "Shekara nawa muna cin gishiri ɗaya da kai. Duk yaran layin nan ba ka ga na ci ba sai wadda ke ce maka baba?"

"Iya, zagin zai jira, ba inda za ni. Ba ni wuri."

Ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara. Yarinyar ta buɗe ido.

"Baba Maye."

"Na'am, Aku. Na ga kuɗinki a gwangwani. Ciniki ya faɗa, ba wanda zai dake ki. Gaya mini, ina kika kai su?"

Ta dubi ubanta, ta dubi tsohon.

"Faɗi, uwata," in ji Tela. "Ba abin da zan yi miki."

"Na yi ɗan kunne a leɓe," ta ce, murya can ƙasa. "Sai ɗaya ya tafi ciki."

"Ɗayan fa?"

"Na jira bai fito ba. Da aka yi kwana sai na aika ɗayan ya jawo shi. Ai ka ce suna neman juna."

Tsoho ya rufe ido. Karatun da ya ba ta ne, ba ta ɓata ko harafi ba.

"Me take cewa?" in ji uwar. Ita ce maganarta ta farko.

"Mayen ƙarfe take nufi, 'yata. Maganadisu. Irin wanda take tsince muku allura da shi, amma ƙanana. Ta haɗiye biyu daga shagona. Sakacina ne, na bar gwangwani a ƙasa."

"Ji makirci," in ji Iya. "An kama shi, ya koma kan ƙarfe."

"Gani ya kori ji." Tsoho ya ciro allurar daga aljihu, ya miƙa wa Tela. "Kai za ka riƙe, ba ni ba, don kada a ce hannuna ne. Ni zan koma bakin ƙofa. Ka ga bakin allurar? Ina yake duba?"

"Wajen taga."

"Can ne arewa. Ɗora ta a cikinka."

Tela ya ɗora. Allurar ta ɗan yi rawa ta koma wajen taga.

"Ɗora a na uwarta."

Haka dai, wajen taga.

"To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ɗaga rigar yarinya. Fara daga ƙirji, ka gangaro sannu."

Mutanen da suka cika ƙofa suka miƙo wuya. Tela ya gangaro da allurar a kan cikin da ya kumbura ya yi tauri. A ƙirji ba ta motsa ba. Da ya iso ƙasan cibiya, ta gefen dama, sai allurar ta saki taga, ta juya kamar an kira ta, ta tsaya cak. Ya matsar da ita gefe, ta juyo tana bin wurin. 

"Kun gani," in ji Iya, ta juya ga mutanen ƙofa. "Kayan tsafinsa ma ya nuna inda ya ajiye abin."

"Iya, kira shi duk abin da kika ga dama," in ji tsoho. "Amma ki dubi nan."

Ya kwance tsumman aljihun hagu. Ya ware babban yatsansa da manuni, ya sa ƙarfe ɗaya a saman fatar da ke tsakaninsu, ya kawo ɗayan ta ƙasa. Tun bai kai ba ya fizge daga hannunsa, ƙas, suka cije fatar. Ya bar su ɗan lokaci, sannan ya zame su da ƙyar, ya nuna wa uwar. Wurin ya yi baƙi, jini ya taru a ƙarƙashi.

"Wannan fatar tsoho ce, mai kanta, kuma yanzu-yanzu ne. Da guda ɗaya ta haɗiya, mai yiwuwa da ya bi hanyarsa ya fita. Amma ɗaya ya yi gaba, ɗaya ya biyo baya, sun hango juna ta cikin hanji. Ni ba likita ba ne, ban san cikin mutum ba. Ƙarfen nan dai na san shi, ba ya gajiya, ba ya saki. Kun ce in sake ta. Wallahi da hannuna zai iya, da na yi tun a bakin ƙofa. Ba mai raba su sai wuƙar likita, kuma yau."

"Asibiti ba ya maganin wannan," in ji Iya. Ta matsa ta tsaya a ƙofar ɗaki, ta ware hannuwa. "A fitar da ita daga gidan nan, a yanka ta, shi kuwa ya samu abin da yake so? Ba da raina ba."

Tela ya tsaya tsakanin uwarsa da 'yarsa, allura a hannu, ya rasa inda zai sa kansa. Matarsa ba ta jira shi ba. Tun da aka kawo ta gidan ba a taɓa jin ta ɗaga wa surukarta murya ba, kuma yau ma ba ta ɗaga ba. Ta naɗe yarinyar a zane, ta ɗauke ta a kafaɗa, ta zo gaban Iya.

"Iya, na bi maganarki kwana da kwanaki, na ba ta duk abin da kika jiƙa. Yau ki bi tawa. In ta mutu a can, ki ce ni ce. Matsa mini."

Iya ta dubi ɗanta. Tela ya sunkuyar da kai, ya kama hannun mahaifiyarsa a hankali ya sauke shi daga jikin ƙofa.

"Ki yi haƙuri, Iya."

Mai Walda ne ya samo mota.

A asibiti likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta saurari Tela, ta saurari tsoho, ta karɓi ƙarafan nan biyu ta gwada su a yatsanta, sai fuskarta ta canja. Ta sa aka ɗauki hoton cikin. Da aka ɗaga hoton a gaban fitila, ga su nan, fararen ɗigo biyu manne da juna a inda allura ta nuna. Ba ta tsaya dogon bayani ba, ta ce a shirya ɗakin tiyata.

Suka zauna a dogon bencin baranda, rana tana dukan bango. Tela da matarsa a wannan ƙarshe, tsoho a wancan, tsakaninsu fili kamar na mutum huɗu. 'Yan layin da suka biyo baya suka tsaya a gindin bishiya, ba wanda ya zo ya cike filin. Tsoho yana jan carbi, yana duban baƙin tabon da ke hannunsa. Shekarunsa duka yana gaya wa masu koyo cewa wuta ba ta san ubangidanta ba, kada a yi wasa da ita. Bai taɓa tunanin abin da zai ci shi ƙarfe ne mai sanyi, wanda ba ya ko tartsatsi ba.

Bayan la'asar likita ta fito tana cire safar hannu.

"Wane ne uban?"

Tela ya miƙe.

"An ce kai tela ne. To, yau na yi irin aikinka. Sun huda hanjin, na yanke inda ya lalace na haɗa na ɗinke. Tana barci. Za ta sha jinya, amma ina sa ran za ta tashi."

Uwar ta zame daga benci ta kifa goshi a siminti. Tela ya juya ya nufi ɗaya ƙarshen bencin, amma tsoho ya riga ya tashi, yana tafiya sannu wajen ƙofar fita, hannu ɗaya a ƙugu.

Aku ta tashi. Sunan tsoho ne bai tashi ba.

Wasu sun ji bayanin hoto da tiyata sun gamsu, har suka zo shago suna sosa ƙeya, suna cewa ai su dama ba su yarda ba. Wasu kuwa ba abin da suka riƙe sai kalma uku da suka ji da kunnensu a bakin ƙofar kwano, kuma suna da gaskiyar cewa ya faɗa. Aiki ya ragu. Masu fanka suka koma kai wa wani yaro a bakin kasuwa, wanda naɗinsa ba ya shekara. Iya ba ta sake bi ta gaban shagon ba, takan zagaya ta bayan masu katako, ko da ruwa ake yi. Rashin sani ya fi dare duhu, amma wanda ya ga fitila ya rufe ido, nasa duhun ba shi da asuba.

Tsoho bai kai ƙarar kowa ba, bai kuma bi gida-gida yana wanke kansa ba. Ya samo gwangwani mai murfin murɗawa ya juye ƙananan ƙarafan, ya kulle a akwatin ƙarfe. Maɓallan nan biyu jajaye ya bar su a tsohon gwangwanin madara, a saman kanta.

Wata safiya yana kwance naɗin wani injin ban ruwa sai inuwa ta rufe ƙofa. Tela ne, riƙe da hannun Aku. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo, tana takawa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Tela ya ajiye wata 'yar kwalba a kan benci. A ciki ga ƙarafan nan biyu da aka ciro daga cikin Aku, sun dushe, har yanzu suna rungume da juna.

"Likita ta ce a kawo wa mai su."

Tsoho ya ɗaga kwalbar ya duba, ya buɗe akwati ya sa ta, ya mayar da kwaɗo.

Tela ya zauna a bakin benci yana murza hularsa. "Baba, tun ran nan nake neman bakin da zan yi maka magana. Ni na kawo maka mutane ƙofa. Kuma yanzu ko sunan da zan kira ka da shi na rasa."

"Ni na bar gwangwani a ƙasa. Kowa ya ɗauki nasa kayan, kada mu tsaya awo."

"Baba Maye," in ji Aku, "a ba ni..."

"Ke," in ji Tela da sauri. "Ban hana ki faɗin sunan nan ba?"

"Bar ta. Ubangidana ne ya sa mini, ba 'yan layi ba, kuma na tsufa da sauya riga." Ya miƙa hannu ya ɗauko takalmin dokin daga ƙusar da yake rataye, ya ɗora a gwiwarsa, bai ba ta ba. "Ni za ki ci gaba da kira na yadda kika saba. Amma wannan, daga yau ba mai ce masa maye a shagon nan. Suna ɗaya ba zai sake ɗaukar mu mu biyu ba. In kina so, sai kin kira shi da nasa. Zauna."

Ta zauna a kan wani tsohon batir, tana dafe da ciki.

"Ce ma."

"Ma."

"Yanzu ce ga."

"Baba Maye, allurai suna can sun cika ƙasa."

"Su jira, ba ƙafa gare su ba. Ce ga."

Tela ya tashi ya tafi buɗe shagonsa. Ta cikin bango yana jin su, tsoho yana yanka kalmar gunduwa-gunduwa, yarinya tana haɗawa tana ɓatawa, yana cewa a sake. Har ya zare zare ya sa a allura, ya ɗora ƙafa a kan keke, ba a ba ta ƙarfen ba tukuna.